Yadda Basakkwace zai zaga gandu da lambun tsohon gidan sarauta a Ingila

Ɗalibanmu da ke karatu a Ingila, da iyayen da ke tasowa daga Sakkwato don bikin yaye su, galibi a Landan da shaguna ziyararsu ke ƙarewa. To idan an samu yini guda babu hidima, a fita ƙauye a ga ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen masu sarautar ƙasar. Cikin ginin ba shi da wuyar gani, layi ake bi ɗaki bayan ɗaki har a fito. Wajen ginin ne ke buƙatar shiri, kuma nan ne baƙo ya fi yin kuskure.

Irin wannan wuri kashi uku ne: akwai gidan kansa, akwai lambun da ke manne da shi, sannan akwai gandu, wato makeken filin ciyawa da itatuwa da tafki da ya kewaye su duka. A Chatsworth da ke Derbyshire, gidan zuriyar Cavendish tun 1549, lambun eka 105 ne, gandun kuwa wajen eka 1,000. A Blenheim, kusa da Oxford, inda aka haifi Winston Churchill a 1874, gandun ya kai eka 2,000, wato kamar hekta 800. Saboda haka kafin ka biya kuɗi ka karanta abin da tikitin ya ƙunsa. Akwai na gida da lambu, akwai na lambu kaɗai, kuma wani wurin shiga gandun kyauta ne, kuɗin ajiye mota kawai za ka biya, kamar yadda yake a Chatsworth. Sayi tikitin ta intanet tun daga masauki, ka riƙe katin banki, don wasu wuraren ba su karɓar tsabar kuɗi. Ka duba lokaci biyu, na rufewa da na daina shigar da mutane, domin na biyun kan riga na farko da kusan awa guda. Gidaje da yawa kuma suna rufe ginin a tsakiyar sanyi har zuwa Maris, su bar gandun a buɗe.

Blenheim ya fi sauƙin zuwa ga marar mota, bas daga Oxford wajen rabin awa ne. Chatsworth ana samun bas daga Sheffield ko Bakewell. Stourhead da ke Wiltshire yana cikin ƙauye sosai, sai da mota ko tasi. Ko ina ne, rubuta lokacin bas na ƙarshe a takarda. Ranar Lahadi motoci kan yi ƙaranci, kuma babu ɗan kabu-kabu ko mai Keke Napep da zai tsince ka a bakin hanya.

Rana da ruwa

Mu a gida abin tsoro a tafiyar ƙasa rana ce da ƙishirwa. Wanda ya saba da Afrilun Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai ya ɗauka babu abin da filin ciyawa mai sanyi zai yi masa. Can kuwa abin da ke kayar da mutum jiƙa ne da iska da saurin faɗuwar rana.

A Sakkwato tsawon yini ba ya wani canzawa, magariba tana nan tsakanin shida da 'yan mintoci zuwa bakwai da kaɗan duk shekara. A Ingila a watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, a Yuni kuwa sai bayan tara na dare. Babu fitilu a cikin gandu. Don haka ka yi lissafi tun a ƙofa: babba mai lafiya yana cin kilomita 4 a awa idan bai tsaya ba, amma da yara da tsofaffi da ɗaukar hoto ka ƙaddara 2. Raba lokacin da ya rage maka biyu, idan rabin farko ya cika ka juyo, ko da hasumiyar da kake hange ta yi kamar tana gabanka. Filin a buɗe yake, abu mai nisa kan yi kamar na kusa. Zagayen gandun Blenheim kaɗai wajen kilomita 7 ne.

Sutura kuwa hawa uku ake yi: ta ciki mai kama jiki, ta tsakiya ta ulu ko mai gashi-gashi, sai ta sama wadda ruwa ba ya ratsawa, mai hula. Dalilin shi ne idan ka hau tudu za ka yi gumi, ka cire ɗaya, idan ka tsaya a bakin tafki iska ta buge ka, ka mayar. Auduga idan ta jiƙe ba ta bushewa da wuri a can, sai ta manne a jiki tana jan ɗumi. Lema ba ta cika amfani a fili ba, iska ke juya ta. Babbar riga da shadda mai sitati a bar su sai ranar bikin. Hajiya ta sa abaya ko zane wanda bai wuce idon sawu ba, da wando mai kauri a ciki, domin ciyawar da raɓa take kwana, lafin tufa yana jan ruwa har gwiwa. Takalmi shi ne uwa uba: rufaffe, mai gurzajjen ƙasa, wanda ka riga ka saba da shi. Silifas da takalmin fata mai sulɓin ƙasa su ke jawo faɗuwa a kan matakalar dutse mai gansakuka. Sabon takalmi kuma kafin azahar ya yi maka bororo. A zo da leda don zuba masu laka a mota.

Yadda ake karanta filin

Abin da ya kamata ka riƙe a ranka tun daga ƙofa shi ne, wannan da kake gani kamar daji, babu abin da ya tsiro da kansa a inda yake. Tafkin haƙa shi aka yi ko aka datse rafi, tudun wani sa'in da kwando da amalanke aka tara shi, itatuwan kuma an dasa su rukuni-rukuni don su ɓoye wani abu su bayyana wani. Wanda ya fi shahara a wannan sana'a shi ne Lancelot Brown, da ake yi wa laƙabi da Capability, wanda ya rayu daga 1716 zuwa 1783 kuma ya yi aiki a gandaye sama da 170. A Blenheim, a shekarun 1760, ya datse ƙaramin rafin Glyme, ruwa ya taru ya zama tafki har ya shanye ɗakunan da ke ƙasan babbar gadar da aka gina tun kafin zuwansa. Wanda ya san yadda madatsar Goronyo ta tara ruwan Rima ya san dabarar, sai dai wannan ba don noman rani aka yi ta ba, don kallo ne zalla.

Da zarar ka gane haka, tafiyar ta canza. Hanyar shiga da ke ta lanƙwasa ba ɓata aka yi ba, so ake gidan ya ɓace maka ya sake ɓullowa. Duk inda ka ga benci, zauna ko na minti biyu ne, ka dubi inda ya fuskanta, don ba a dasa shi nan a banza ba. Duk inda hanya ta yi kwana, waiwaya. Masu saurin kai wa ƙarshe su ne ke komawa gida suna cewa ciyawa kawai suka gani.

A Stourhead ne wannan ya fi fitowa fili. Henry Hoare, mai banki, ya fara tsara lambun a shekarun 1740, ya jera ƙananan gine-gine irin na tsoffin Rumawa a kewayen tafki, da kogon dutse da aka gina da hannu. Yadda aka tsara a bi shi ne ka zaga tafkin yana hannunka na hagu. Ta haka kowane gini zai fara bayyana daga tsallaken ruwa kafin ka isa gare shi. Idan ka bi ta ɗaya hannun duk za ka gan su, amma kamar mai karanta wasiƙa ne daga ƙasa zuwa sama. Awa ɗaya ta ishi mai sauri, mai kallo ya ware biyu. A sani kuma akwai gumakan dutse a irin waɗannan gine-gine da cikin lambuna, wasu babu sutura. Ado ne, ba wurin bauta ba, amma mai tafe da yara ko surukai gara ya sani tun kafin a yi kiciɓis.

Akwai wani abu da ke karya ƙafar marar lura. Tsakanin lambu da gandu sau da yawa ba za ka ga katanga ba, ciyawa ce shimfiɗe har inda tumaki ke kiwo, ka yi ta mamakin abin da ya hana su shigowa su cinye furanni. Rami ne dogo, gefensa na wajen gida an gina shi da dutse a tsaye, ɗaya gefen kuma gangare ne. Daga gida ba a ganinsa sam. Sunansa ha-ha. Ka ɗauke shi kamar ganuwa da aka binne ta a cikin gwalalonta. Zurfinsa kan kai mita ɗaya ko fiye, don haka kada yaro ya sheƙa a guje a kan ciyawar gaban gida, kada kuma mai ɗaukar hoto ya riƙa ja da baya bai waiwaya ba.

Wani abin da idon baƙo ba zai gani ba sai an faɗa masa shi ne abin da aka kawar. A Chatsworth, wajen 1840, mai gidan na lokacin ya sa aka rushe yawancin ƙauyen Edensor aka sake gina shi a inda ba za a hango shi daga gidan ba. Ƙauyen yana nan, kyakkyawa, ana zuwa da ƙafa daga gidan. Kuma a 2020 ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895 kuma take riƙe da ɗaruruwan irin waɗannan wurare har da Stourhead, ta fitar da rahoto kan wurare 93 da ke hannunta masu alaƙa da mulkin mallaka ko cinikin bayi. Kyan wurin gaskiya ne, tambayar inda kuɗin ya fito ita ma halal ce, kuma masu aikin sa-kai da ke tsaye a wuraren sukan amsa ta idan an yi ta cikin ladabi.

Cikin lambu

Fara da lambu da safe kafin jama'a su cika, ka bar gandu sai an jima, don shi ba ya cika. Karɓi taswirar takarda a ƙofa ko da kana da waya, sabis yana da rauni a kwari, sanyi kuma yana shanye batir.

Manomin albasa ko mai lambu a fadamar Kwalkwalawa, idan ya samu zuwa, kada ya wuce lambun da aka kewaye da katangar bulo. Nan ne ake noman abincin gidan a da. Katangar, mai tsawon mita 3 zuwa 4, ba don ɓarayi kaɗai aka yi ta ba. Tana tare iska, tana shan zafin rana da yini ta riƙa sakinsa da dare. A can rana a kudu take ratsawa duk shekara, ba ta hawa tsakar ka, saboda haka bangon da ya fuskanci kudu shi ne mai daraja, a jikinsa ake ɗaure itatuwan marmari a baje rassansu kamar tafin hannu don su nuna. Mu wahalarmu ruwa da inuwa, su wahalarsu ɗumi. Duba yadda suke jera kunya, da tulin takin ganye a lungu, da ƙananan akwatuna masu murfin gilashi da ake renon iri a ciki. Masu aikin lambun suna son a tambaye su.

A ɗakin gilashi kuwa za ka yi dariya, don za ka tarar da ayaba da lemo da sauran abin da muke gani a banza ana lallaɓa su kamar majinyata. Amma ka dubi ayabar Chatsworth da kyau. Joseph Paxton, shugaban masu lambun gidan, ya rene ta a nan a shekarun 1830, kuma irin da ake kira Cavendish, wanda ya mamaye kasuwar ayaba ta duniya a yau, daga sunan masu gidan ya samo nasa. Paxton ɗin ne kuma a 1844 ya gina maɓuɓɓugar da ke gaban gidan, don tarbar Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya, wanda a ƙarshe bai zo ba. Babu inji ko famfo a cikinta. Tafki aka haƙa a kan tudun bayan gida, wajen mita 100 sama da lambun, nauyin ruwan da ke gangarowa cikin bututu shi ke harba shi sama, har an taɓa auna kusan mita 90. Ba kullum ake sake ta da ƙarfi ba, ya danganta da ruwan da ke tafkin, don haka ka tambaya a ƙofa ko tana aiki ranar. Idan tana aiki, lura da inda iska ke kaɗawa kafin ka matsa.

Dokar lambu gajera ce. Ba a tsinkar fure, ba a cire 'ya'yan itace, ba a yankar reshe don a kai gida a dasa. Inda aka ja igiya ko aka kafa ɗan allo a kan ciyawa, ba a takawa. Kada yaro ya sa komai a baki: akwai wani itace mai duhun ganye da ake yi wa aski a yi shinge da shi, mai 'ya'ya ja masu kyan gani, sunansa yew, guba ne. Haka lemar kwaɗi da ke fitowa a gindin itatuwa. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi sai da izini, hoton biki ko na talla ma haka, kuma ba a ɗaukar 'ya'yan mutane.

Abin da za ka gani ya danganta da wata. Ƙarshen Afrilu zuwa Mayu ƙasan kurmi kan rufe da shuɗin fure, Yuni da Yuli na wardi ne, ƙarshen Oktoba ganye ke komawa ja da ruwan ɗorawa. A ganinmu wanda zai je sau ɗaya tak ya zaɓi Mayu ko Yuni, yini dogo ne, laka kuma ta ragu.

Cikin gandu, da dabbobinsa

Wasu hanyoyin da suka ratsa gandu haƙƙin jama'a ne a doka, mai gida ba shi da ikon toshe su, kamar dai burtali a wurinmu. Kibiya mai ruwan ɗorawa tana nufin hanyar ƙafa, shuɗiya kuma har da mai doki da mai keke. Haƙƙin na bin hanyar ne kawai, ba na yawo ko'ina ba. Inda aka rubuta Private a tsaya, don a Chatsworth da Blenheim har yau iyalan gidan suna da sashensu. Ƙofar shinge a bar ta yadda aka same ta: in a rufe take ka rufe bayanka, in a buɗe take manomi ne ya bar ta don dabbobi su kai ga ruwa.

Basakkwace zai ce shanu ba baƙonsa ba ne. Gaskiya ne, amma shanunmu da makiyayi suke tafe da sandarsa, na can su kaɗai ake saki. Kada ka ratsa tsakanin saniya da ɗan maraƙinta, yi musu zagaye mai faɗi, kada ka yi gudu. Barewar can, mai ƙaho kamar rassan itace, ta saba ganin mutane amma ba ta gida ba ce. A bar mata tazarar mita 50 aƙalla, kada a ba ta abinci. Lokaci biyu ne ta fi haɗari: Oktoba zuwa Nuwamba da mazan ke faɗan barbara, da Mayu zuwa Yuli da matan ke ɓoye jariransu a cikin doguwar ciyawa. In ka ga ɗan barewa kwance shi kaɗai ba yasasshe ba ne, uwar tana kusa. Karnuka kuma za ka gamu da su da yawa tare da masu su. In wani ya nufo ka, tsaya cik, ka sauke hannu, ka ce wa mai shi ya kira abinsa. Gudu da ihu ke sa kare ya ɗauka wasa ne.

Ƙaramin abin da ya fi waɗannan duka illa shi ne kaska. Tana cikin doguwar ciyawa inda barewa da tumaki ke bi, daga bazararsu har kaka, kuma wata ba ta fi ƙwayar riɗi ba. Tana iya ɗauke da cutar Lyme, mai kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Cusa ƙafar wando cikin safa, ka bi tsakiyar hanya. Akwai kuma wata ciyawa mai ganye kamar zarto a gefen shinge, netil, taɓa ta ke da wuya sai raɗaɗi da ƙuraje, amma yakan lafa da kansa. Ranar iska mai ƙarfi kada a zauna a gindin tsofaffin itatuwa, reshe kan ɓalle ba sanarwa, shi ya sa wani lokaci ake rufe gandun gaba ɗaya. Tafki ba a shiga, ruwan yana da sanyin da ke ɗauke numfashi ko a tsakiyar zafinsu. In wani abu ya faru, lambar gaggawa 999 ce ko 112.

Salla da abinci

Gabas ɗinmu ta gida ba ita ce ta can ba. Daga Sakkwato alƙibla gabas ce mai ɗan karkata arewa, daga Ingila kuwa kudu maso gabas ce, wajen digiri 118 zuwa 119 a kamfas. A Disamba azahar da la'asar da magariba duk suna faɗawa cikin kimanin awa huɗu, daga sha biyun rana zuwa huɗu, wato daidai lokacin da kake cikin gandu. Yi alwala tun daga masauki. Banɗaki yawanci yana wajen ajiye motoci ko tsohon bargan dawaki da aka mayar shaguna, babu buta a ciki, sai ka tafi da ƙaramar gora, kuma kada a bar ƙasa a jiƙe. Darduma a haɗa ta da leda mai faɗi da za a shimfiɗa a ƙasanta, in ba haka ba ciyawa za ta jiƙa ta tun raka'ar farko. Nemi gefe, nesa da hanya. Idan ruwa ake yi, tambayi ma'aikaci ko akwai ɗakin da ba kowa, sau da yawa sukan taimaka.

A shagon shayi, abin da aka rubuta ham, bacon, gammon ko sausage a bar shi, galibi naman alade ne, a nemi na kifi, ƙwai, cuku ko na ganye. Kek mai busassun 'ya'yan itace, musamman wajen Kirsimeti, wani ana zuba masa giya, sai a tambaya. Guzuri daga gida ya fi arha, ana shimfiɗa a ci a gandu, amma lambuna da yawa ba su yarda ba, hura wuta ko gashi kuma babu inda aka yarda. Dabino da gyaɗa da fulas ɗin shayi sun wadatar. Kilishi dai kada a saka shi cikin kayan tafiya tun daga Sakkwato, doka ta hana shiga Birtaniya da nama daga Najeriya, a filin jirgi za a karɓe. Shara kuma a koma da ita cikin jaka, don kwandon zubawa ba shi da yawa a fili.

Idan an dawo masauki, kafin a kwanta, kowa ya duba jikinsa, a duba na yara: bayan gwiwa, hammata, ƙugu, bayan kunne da gindin gashi. In an ga kaska, a kama ta da ɗan hantsaki mai tsini dab da fata, a ja sama a hankali ba tare da matse cikinta ba, a wanke wurin da sabulu. Kada a ɗiga mata kananzir ko man shafawa, kada a ƙona ta da ashana. A rubuta ranar. Idan cikin makonnin da suka biyo baya, har zuwa wata uku, wani zagayayyen tabo ya fito yana faɗaɗa, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi suka zo, a ga likita. A baƙar fata tabon ba lallai ya yi ja ba, yakan yi kama da wurin da aka buge. Wanda ya riga ya komo Sakkwato ya faɗa wa likitan cewa kaska ta cije shi a Ingila da ranar da abin ya faru, don kada a tsaya kan maganin maleriya kaɗai.